Turken Doki a Damina: Yadda Muka Rabu da Taɓo a Filin Haya

'Yar'uwa, idan a gidanku akwai doki, ko jaki, ko shanun huɗa, kin san abin da ake kira marka. Ruwa zai kwana yana zuba, da safe ki leƙa turke ki tarar dabba tsaye cikin caɓi har idon sawu, kashi da fitsari da ragowar harawa sun haɗe sun zama baƙin taɓo mai wari. Mai yiwuwa ki ce wannan ba huruminki ba ne, doki na maigida ne. Ni ma haka nake cewa a da. Amma tambayi kanki: wa ake aika ya kai masa dusa da safe? Wa ke ɗebo masa ruwa? Ɗanki ne, kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarsa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Illela nake zaune da iyalina. Wanda bai san garinmu ba, yana arewa da birnin Sakkwato da tazarar sama da kilomita 80, idan ka bi ta Kware da Gwadabawa, kuma daga nan sai Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Gari ne na dabbobi. Duk ranar Lahadi kasuwarmu kan cika da shanu, raƙuma, tumaki, jakuna da dawaki daga ɓangarorin iyaka biyu. Saboda haka ajiye doki a nan ba abin mamaki ba ne, ko ga mai ƙaramin ƙarfi. Wani don hawan salla, wani don kilisa da yamma, wani yana bayar da haya ranar biki ya samu na cefane.

Namu na surukina ne, akawali ne, baƙi wuluk. Da gida ya cika da jikoki, wuri ya yi kaɗan, sai maigidana ya kama hayar wani kangon fili a bayan gidanmu, wanda mai shi bai kai ga ginawa ba. Aka kafa turke, aka yi 'yar rumfar kwano. Da rani lafiya lau. Da damina ta sauka muka gane filin kwari ne.

Ranar da ƙusa ta soki ɗana

Wata safiya cikin watan Agusta na dawo daga aikin dare, na tarar da ɗana ɗan shekara 9 yana ɗingishi. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Da na zaunar da shi na wanke ƙafar, sai ga ɗan rami a tafin, ƙarami kamar bakin allura, jini ma bai fita sosai ba. Tsohuwar ƙusa ce daga katakon rumfar, taɓo ya rufe ta, ya taka lokacin da ya je ba doki ruwa. Kwana ɗaya ke nan da abin ya faru, ya ɓoye don kada a hana shi zuwa turke.

Gabana ya faɗi, domin na taɓa jinyar yaro mai sarƙe haƙora, cutar da a asibiti muke kira tetanus. Na ga yadda bakinsa ya ƙi buɗuwa, bayansa ya sandare ya lanƙwashe, ƙarar buɗe ƙofa kaɗai kan sa jikinsa ya ɗau fizga. Uwar tana zaune a gefen gado, ko taɓa shi tana tsoro. Shi ma daga ɗan ƙaramin rauni abin ya faro.

Ko kayan aiki ban cire ba na ɗauki yaron muka koma asibiti. Aka wanke raunin, aka yi masa allura. Allah ya kiyaye, bai kamu ba. Amma makonni uku na yi ina duban bakinsa duk lokacin da yake cin abinci.

Da yamma na je gaida surukina, na durƙusa na ce, "Baba, ina da magana a kan turken nan."

Ya ce, "Mi kig gani, ɗiyata?"

Na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Taɓo dai da damina haka munka iske shi. Amma tunda har ya taɓa min jika, ki faɗi abin da za a yi."

Abin da ke cikin taɓon

Kafin in gaya miki yadda muka gyara, bari ki san da me ake faɗa.

Na farko, sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman na doki, kuma tana iya shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Ba ta son iska, shi ya sa rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙusa ko ƙaya ko tsinin kara, ya fi yankan da ya buɗe haɗari. Alamu kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan raunin. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, kuma wanda ya yi ta ya warke bai tsira ba, zai iya sake kamuwa idan ba a yi masa rigakafi ba. Dokin kansa yana cikin dabbobin da cutar ta fi saurin kashewa.

Na biyu, sauro. Mutane da yawa sun ɗauka sai a babban kududdufi ko tafki irin na Kalmalo sauro ke haihuwa. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ƙaramin ruwa mara zurfi da rana ke dukansa, kuma sawun kofato a cikin taɓo yana cikin wuraren da ya fi so. Da zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 10 ba, wani lokaci mako ɗaya. Ki ƙirga sawu nawa doki ke bari a fili a yini guda, sannan ki tuna tagar ɗakin da yaranki ke kwana tana kallon wurin.

Na uku, ƙudaje da gudawa. Doki ɗaya na zubar da kashi kusan kilo 15 a rana. Idan ba a kwashe ba, a wata ɗaya an tara abin da ya haura kilo 400. Ƙuda ya tashi daga can ya sauka a kan tuwon yara. Ruwan sama kuma ya wanko tsamin ya bi gangare, idan akwai rijiya a ƙasa can zai nufa.

Na huɗu, dabbar kanta. Kofaton da ya kwana ya wuni cikin caɓi yakan yi laushi, tsakiyarsa ta fara ruɓewa, ki ga baƙin ruwa mai ɗoyi yana fita. Fatar bayan dunduniya ta tsattsage ta yi ɓawo, irin kircin da muka sani a jikin shanu. Daga nan sai ɗingishi. Dokin da ake sa ran ya kawo kuɗin haya ranar biki, ko a sayar da shi idan lalura ta taso, ya koma abin ciyarwa kawai. Kin ga ke nan maganar ta iso tukunyarki.

Fili ba naka ba: fara da mai shi

Matsalar filin haya ita ce ba za ka zuba kankare a wurin wani ba, kuma ba ka son ka kashe kuɗi yau, gobe a ce ka tashi. Mun ji labarin irin haka: mutum ya cike kwari da kuɗinsa, da mai fili ya ga wuri ya yi kyau sai ya ƙara haya ko ya ce zai fara gini.

Don haka abin da maigidana ya fara yi shi ne zama da mai filin a gaban mai unguwa. Aka yi magana uku, aka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Ɗaya, ya amince a cike ɓangare guda da burji, a haƙa 'yar kwata. Biyu, ba zai tashe mu ba kafin damina biyu, idan kuma dole ta kama zai ba da sanarwar wata uku. Uku, burjin da aka zuba ya zama nasa ranar da muka tashi, mu kuma mu kwashe kwano da katako. Ya yi murna ma, domin duk mai shirin gini a kwari yana bukatar ciko. Ki ba maigida shawarar kada ya tsallake wannan mataki, ko da mai filin ɗan'uwa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bi ruwa ki ga hanyarsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo yashi a zuba a kan taɓo. Mun gwada a shekarar farko, cikin mako biyu taɓon ya haɗiye shi kamar ba a zuba ba. Taɓo ruwa ne da ya rasa hanyar fita, saboda haka sai an san ta inda yake shigowa.

Wata rana ana tsaka da ruwa na ɗauki lema na tsaya a filin. Abu uku na gani. Ruwan indararon maƙwabcinmu a cikin filin yake zuba. Ruwan lungu yana gangarowa ta ƙarƙashin danga. Sannan ruwan rumfar dokin kanta yana sauka daidai inda yake tsayawa.

Kada ki raina ruwan rufi. Duk milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rumfarmu mita 4 ce tsawo, mita 4 faɗi, wato murabba'i 16. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na milimita 30 zai zubo da lita 480 daga wannan 'yar rumfa, fiye da durom biyu, duk a gindin turke. Yankinmu ba ya samun ruwa da yawa a shekara idan aka kwatanta da kudu, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta fi kowane wata. Ƙasa ba ta gama shanye na jiya ba, na yau ya sauko.

Ga abin da muka yi, kuma babu wanda ya ci kuɗi sosai:

Aka lanƙwasa tsohon kwano aka yi makwarari a bakin rumfar, ruwan ya riƙa zuba a durom. Shi ake ba dokin. Durom ɗin yana da murfi, domin idan aka bar shi a buɗe an gina wa sauro gida.

Aka roƙi maƙwabci ya ƙara wa indararonsa bututu ya sauka a lungu. Mu muka sayi bututun, zumunci ya ɗore.

Aka haƙa 'yar kwata ta sama da turken, zurfinta kamar kamu ɗaya, ta tare ruwan lungu ta zagaya da shi. Ƙasar da aka haƙo aka yi kunya da ita a gefen da ke kallon turke. Ki kula da abu ɗaya: kada a juya ruwan ya nufi katangar wani ko rijiya. A nan katangar ƙasa ta fi yawa, kuma kowace marka muna jin labarin bango ya faɗa wa mutane.

Ba duk fili za a gyara ba

A Ingila, inda dawaki ke fama da taɓo a lokacin hunturu saboda ruwan da ba ya ɗaukewa, masu hayar fili ba sa ƙoƙarin busar da filin gaba ɗaya. Sukan ware ɗan wuri su daddale shi da tsakuwa, su shimfiɗa wani irin yadi mai ƙarfi a ƙasa don kada tsakuwar ta nutse, wasu su ɗora faifan roba masu ramuka da za su iya ɗagewa ranar tashi. Mu ba mu da waɗannan kaya a kasuwa, amma dabarar ɗaya ce, kuma muna da abin da zai maye gurbinsu.

Zaɓi wuri mafi tudu a filin. Mita 4 a mita 4 ya ishi doki ɗaya ya tsaya, ya juya, ya kwanta. Idan da hali a ƙara wata mita biyu a gaba inda ake ajiye ruwa da abinci, domin nan ne ya fi yawan takawa.

Da farko a kankare baƙar ƙasar sama, wadda ta gauraya da kashi da ruɓaɓɓiyar ciyawa, har sai an iso ƙasa mai tauri. A wurinmu kusan tsawon yatsa biyu aka cire. Wannan baƙar ƙasa ita ke riƙe ruwa kamar soso. Kada a zubar, taki ce mai kyau, a kai gona.

A lokacin kankarar a tsince duk wata ƙusa, waya, gwangwani, fasasshen kwalba da guntun kwano. Mu mun cika rabin bokiti, kuma a fili ne da yarana suka yi shekara suna shiga.

Sai a shimfiɗa tsofaffin buhunan hatsi na leda, a buɗe su, bakin wannan ya hau kan na wancan. Aikinsu su raba ciko da lakar ƙasa, don kada kofato ya riƙa tura burji ƙasa yana jawo taɓo sama. Dole a binne su sosai, kada a bar baki a waje, domin doki ko akuya na iya ja su ci.

A kan buhunan a zuba fasassun bulo ko manyan tsakuwa, sannan burji, jimillar kaurin ya kai santimita 15 zuwa 20, wato kusan kamu ɗaya. A yayyafa ruwa a daddaɓe da kyau. Samarin unguwa uku suka yi mana da turmi da gungumen itace. Kada a bar tsinin bulo a sama, yana ƙuje tafin kofato.

A ba wurin gangare. Duk mita ɗaya ya sauka da santimita 3, wato a mita 4 ɓangaren baya ya fi na gaba tudu da kusan faɗin tafin hannu. Ido ba zai gani sosai ba, amma ruwa da fitsari za su gani. A kewaye gefen da layin bulo ko tsofaffin tayoyi cike da ƙasa don kada cikon ya zube.

Daga ƙarshe a watsa yashi mai laushi, kaurin yatsu uku a jere, inda zai kwanta.

Mu kurar jaki muka yi amfani da ita wajen ɗauko burjin, sawu-sawu, gwargwadon abin da aljihu ya ba da. Idan maƙwabta biyu ko uku masu dabbobi suka haɗa kuɗi suka sayi tifa ɗaya suka raba, ya fi sauƙi. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bazara, Afrilu zuwa Mayu, ƙasa na bushe. Mu da muka makara, sai muka jira ruwa ya ɗan tsagaita na kwanaki muka yi.

Aikin kullum shi ne rabin gyara

Duk kyan daɓe, idan aka bar kashi a kai wata ɗaya zai koma taɓo. A gidanmu yanzu safe da yamma ake kwashewa da shebur da baro. Ana tarawa a can ƙarshen fili, a wuri mai tudu, a rufe da tsohuwar leda ko zana don kada ruwa ya wanke shi. Tsibin ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta ƙasa da ita, ba ta sama ba. Da rani masu lambun albasa da kansu suke zuwa nema, kuɗin takin kan rage mana wani abu a kuɗin dusa.

Kada a zuba wa doki abinci a kan yashi. Yana haɗiyar yashin tare da dusa, ya taru masa a hanji, ya kawo ciwon ciki mai iya kisa. A yanka tsohon durom biyu, a dasashe bakin, ko a yi amfani da babbar roba. Harawa da ingirici kuma a ɗora su a kan rumbu ko katako, a rufe. Wadda ta jiƙe ta yi fumfuna a zubar, ko da ana jin zafin kuɗinta.

Kullum a ɗaga ƙafafun dokin huɗu a sakace kofato da ɗan itace mara tsini, a duba ko akwai wari, ƙusa ko tsakuwa. Wannan aikin babba ne, ba na yaro ba. Idan taɓo ya manne a ƙafa, a bari ya bushe a goge, ya fi a riƙa wankewa da ruwa kullum ana barin fata a jiƙe. Idan an ga tsagewa, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a tsane, a shafa aidin. Don Allah a daina shafa baƙin mai na inji, ko ga dabba ko ga mutum. Ba ya kashe ƙwayar cuta, yana rufe raunin ne ya hana shi iska. Idan ƙafa ta kumbura, ko doki ya ƙi taka ta, ko ya daina cin abinci, a kira malamin dabbobi. Idan abin ya fi ƙarfin na kusa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi. A tambayi likitan kuma game da allurar sarƙe haƙora ta doki, akwai ta.

Sauran filin da ba a daɓe ba, idan ruwa ya ɗauke a bi da manjagara a baje sawun kofato, a cike ramuka da ƙasa. Duk ruwan da ya kwana uku a wuri ɗaya a nema masa hanya.

Naki ɓangaren, uwa

Ko da maigida bai tashi gyaran turke bana ba, akwai abin da ke hannunki yau.

Ɗauko katin rigakafin yaranki ki duba. Allurar Penta da ake yi wa jariri a mako 6, mako 10 da mako 14 tana ɗauke da rigakafin sarƙe haƙora, tare da na mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta da wata ƙwayar da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu. Sai an yi ukun duka. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. Amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allura uku yayin da yaro ke girma. Ɗana ya yi Penta ɗinsa cif, duk da haka sai da aka ƙara masa, domin shekara 9 ta wuce tun ta ƙarshe. Ƙa'idar da muke bi ita ce, idan rauni mai datti ne kuma an haura shekara 5 da allurar ƙarshe, a sake.

Idan yaro ya taka ƙusa ko wani abu ya soke shi a turke, ki wanke wurin nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, ki daɗe kina wankewa. Kada a sa ƙasa, toka, kashin dabba, baƙin mai ko man goge haƙori. Ki kai shi asibiti a ranar, ki tafi da katinsa, ki gaya wa ma'aikaci a ina ya ji raunin. Kada ki jira ki ga ko zai kumbura, wannan cuta ba ta bukatar rauni ya kumbura. Ki kuma ja yaranki a jiki yadda ba za su ɓoye miki ciwo don tsoron faɗa ba. Wannan darasin nawa ne.

Idan kina da juna biyu, ki je awo ki karɓi allurar Td. Biyu ake bukata aƙalla a ciki, da tazarar mako 4 tsakaninsu, ta biyun kafin haihuwa da mako 2 ko fiye. Idan kika ci gaba har biyar, ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara, kin samu kariya tsawon shekarun haihuwarki, jariranki ma suna zuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 25,000 ne sarƙe haƙora ta kashe a duniya a 2018, akasari ta hanyar cibiya. A gidan da ake kiwo, hannun da ya taɓa igiyar dabba bai kamata ya taɓa cibiyar jariri ba sai an wanke da sabulu. Abin da ake shafa wa cibiya shi ne man kulohezidin, wanda Jihar Sakkwato ta kasance cikin na farko da suka fara raba shi a Najeriya tun 2013. Jaririn da yake shan nono lafiya sai kwatsam ya kasa kama mama bayan kwana uku da haihuwa, ko jikinsa ya sandare, a garzaya da shi asibiti. Ba iska ba ce.

Takalmi doka ne ga duk wanda zai shiga turke. Takalmin roba mai rufi ya fi silifa, domin ƙusa na ratsa silifa. Na ajiye buta da sabulu a ƙofar filin, duk wanda ya fito sai ya wanke hannu da ƙafa. Masu rarrafe da 'yan tatata kuwa ba su da abin yi a can ko kaɗan.

Gidan sauro kowane dare. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata, ki karɓa, ki kuma cika na kwana biyun da suke bar miki. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji cikin yini ɗaya.

Yadda muke yanzu

Damina biyu ke nan da gyaran. Sauran filin yana yin caɓi idan an yi ruwa mai ƙarfi, ba zan ce miki ba ya yi ba. Amma inda akawali ke tsaye, awa ɗaya bayan ruwa ya ɗauke ya tsane. Bara sai da muka ƙara kura biyu ta burji a gaban mazubin ruwa, inda ya lotsa. Warin da ke shigo mana ɗaki da dare ya tafi. Kofaton da ya fara ruɓewa ya warke, an hau shi da salla.

Baba kan sa a kai masa tabarma bakin rumfar da la'asar. Ranar nan na kai masa fura, ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ashe dokin ma ya fi son tudu." Ɗana yana gefe da baro, sanye da takalmin robar da ya fi ƙarfin ƙafarsa, domin na yayansa ne.

Idan a unguwarku akwai wata dabara da kuke yi wa turke da damina, musamman ku da ke zaune a ƙasar laka ko bakin fadama, ki rubuto mana a ƙasa mu ƙaru da juna. Kafin nan, yau da dare ki nemo katin rigakafin nan ki duba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.